Ranar da Na Kai Ƙanena Gaban Na'ura

Ba zan taɓa mantawa da ƙarfe goma da minti ashirin na safiyar wata Asabar ba, a wani gareji da ke bayan kasuwar hatsi a Funtuwa. Mu huɗu ne a wurin: ni, da ƙanena Rabe, da Kawu Sale ƙanin mahaifiyarmu, da Malam Nura bakanike mai duba mota da na'ura. Na san lokacin daidai domin na duba agogo. Ni mutum ne mai duba agogo kafin ya yi magana mai nauyi (a ranar dai, da a ce kaina na duba, da ya fi mini alheri).

Bari in bi abin daki-daki, domin ba na son labari a hargitse.

Shekara ashirin da biyu na yi ina awo a wani kamfanin gurzar auduga. Karatuna bai wuce firamare ba, amma zama gaban sikeli ya koya mini cewa kowane abu yana da farko da tsakiya da ƙarshe. Da na ajiye aiki na sayi mota 'yar Kwatano, na rubuta mata dokoki biyar a takarda, na manna a gefen sitiyari. Doka ta uku ita ce: ba mai zuba wa motar nan mai sai ni, kuma ba ta shan man 'yan bumburutu.

Ni da Rabe gandu ɗaya muke nomawa tun rasuwar mahaifinmu, a ƙauyenmu da ke kan hanyar Malumfashi. Da damina masara da auduga, da rani tumatir a fadama. Rumbunmu ɗaya. Rabe ya haura arba'in, 'ya'yansa shida, kuma tun da muka taso ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Na faɗi wannan tun yanzu don a san girman abin da na yi.

Ranar Alhamis ya ari motar ya kai Inna, mahaifiyarmu, ganin likitan ido a Malumfashi. Bayan la'asar ya dawo ya miƙo mini makulli.

"Yaya, wata 'yar fitila ta kama a hanyar dawowa. Amma motar lafiya lau take tafiya."

Na shiga na tayar. Ga ta nan a allon gaban direba, ruwan ɗorawa, mai siffar inji, a kunne ba ta motsi. Na zagaya motar, na ji warin fetur ta baya. Nan take na jera hujjojina kamar buhunan auduga. Na ɗaya, na ba da mota ba fitila. Na biyu, an dawo da ita da fitila. Na uku, ga warin mai. Na huɗu, hanyar Malumfashi cike take da masu sayar da mai a galan. Sakamako: Rabe ya karya doka ta uku, ya shayar da motata gurɓataccen mai.

A tsakar gida na tare shi, Inna na zaune a kan tabarma da magani a ido, matanmu suna jin komai daga madafi.

"A ina ka zuba mata mai?"

"Ban zuba ba, Yaya. Tanki ya fi rabi na karɓe ta. Ga Inna nan ka tambaye ta."

"Inna barci take a mota, kowa ya sani. Ƙarya kake yi."

Rabe ya juya ya fita. Sai bayan sallar magariba ya same ni a zaure, ya durƙusa kamar yadda ya saba, ya ce, "Yaya, tunda ba ka yarda da ni a kan galan ɗin fetur ba, ban ga yadda za ka yarda da ni a kan rumbu ba. In an gama cire tumatir, a kira Kawu a raba gonar."

Na ce masa, "Za a kira Kawu tun kafin nan."

Ranar Juma'a maƙwabta suka yi ta kawo shawara. Wani ya ce in liƙe fitilar da baƙin salatif, shekararsa biyu ke nan da yin haka. Wani ya ce in cire kan batir in mayar, za ta mutu. Na ƙi duka. (Ina so in ce hankali ne ya hana ni. Ba shi ba ne. Ba na so ne shaida ta goge.) Na ji ana cewa akwai na'ura a Funtuwa da ke faɗin duk abin da aka yi wa mota, sai na buga wa Kawu Sale waya na ce ya zo ya zama shaida.

To, mun dawo garejin.

Malam Nura mutum ne mai sanyin magana. Kafin ya taɓa komai ya tambaye ni, "Baba, fitilar a tsaye take ko ƙiftawa take yi?"

"A tsaye."

"Inji na rawa? Tana shaƙewa in an taka? Zafi ya hau?"

"Ko ɗaya."

"To da sauƙi. In tana ƙiftawa, wannan a sauka gefen hanya ne a kashe, don inji ba ya ƙona mai daidai, ci gaba da tafiya ɓarna ce. In a tsaye take kuma mota na tafiya lafiya, ana iya lallaɓowa gareji, amma ba a kwana biyu ana kallonta. Ita fitilar ba ta faɗin ciwo. Cewa kawai take a zo a duba."

Na ce, "Ciwon na san shi. Wanda ya jawo shi nake so na'urarka ta nuna."

Ya dube ni, ya dubi Rabe da ke tsaye can gefe da hannu a baya. Ya ce, "Baba, na'urar nan ba alƙali ba ce." Sannan ya sunkuya ya jona wayarta a wani soket ƙarƙashin sitiyari. A lokacin ne na duba agogo. Na gyara tsayuwa, na ce wa Kawu ya matso kusa ya ji da kunnensa.

Wasu lambobi suka fito. Malam Nura ya karanta ya ce, "Ba maganar gurɓataccen mai a nan. Cewa ta yi tururin fetur yana fita daga tanki, akwai inda bai rufu ba. Yana iya zama tiyo ne ya tsage. Amma galibi murfi ne, shi muke fara dubawa."

Ya zagaya baya ya buɗe 'yar ƙofar tanki. Ya tsaya. Ya sa yatsu biyu ya zaro wani abu ya ɗaga sama.

Totuwar masara ce, an naɗe ta da baƙar leda, an ɗaure da igiya.

Abin ya dawo mini gaba ɗaya, kuma a jere. Ranar Talata na je fadama ni kaɗai. Injin ban-ruwa ya ƙare mai ana tsakiyar shayar da tumatir. Na sa tiyo na zuƙo masa daga tankin mota. Murfin ya gangara ya faɗa cikin ruwa, na laluba ban same shi ba. Na tsinci totuwa na toshe, da niyyar gobe in sayi sabo. Gobe ta zo da nata hidimomin.

Duk da haka sai da na yi yunƙuri ɗaya, kuma shi ya fi ba ni kunya. Na ce, "Amma ai sai ranar Alhamis ta kama."

Malam Nura ya ce, "Haka take yi. Mota sai ta gwada kanta a tafiya biyu ko uku kafin ta kunna fitila. Wanda ta kama a hannunsa ba lalle shi ya yi ba." Ya juya totuwar ya ƙara da cewa, "Allah ma ya kiyaye, ɓurɓushi bai faɗa ciki ba, kuma ba wanda ya ƙyasta ashana kusa."

Kawu Sale ya karɓa ya duba igiyar. Ƙullin ɗaurin buhun auduga ne, mai kunne biyu. Duk ƙauyenmu ni kaɗai ke yin sa, kuma na sha yi wa mutane gori a kai.

Sai Rabe ya yi gyaran murya ya ce, "Kawu, wataƙila yara ne wajen wasa."

Wato mutumin da na kira maƙaryaci a kan gaskiya, shi ne zai yi ƙaryarsa ta farko don ya rufa mini asiri. Na ce, "Ba yara ba ne. Ni ne." Na faɗi komai, daga tiyo har totuwa. Na juya zan ba Rabe haƙuri, Kawu ya ɗaga hannu.

"Dakata. A ina ka ce masa maƙaryaci?"

"A gida."

"Gaban wa?"

"Inna, da iyali."

"To kai ne mai son tsari. Can aka fara, can za a ƙare."

Aka sa sabon murfi, Malam Nura ya goge lambar, fitila ta mutu. Rabe ya tuƙa mu gida, ni ina kujerar baya.

A tsakar gida, a daidai inda na tsaya ranar Alhamis, na durƙusa gaban ƙanena. Matanmu suka fito daga madafi, Kawu ya hana su komawa. Na ce na zalunce shi, na roƙi gafara. Inna ta ce, "Ni da ake wa maganin ido na ga gaskiya tun ranar, kai mai ido biyu sai da ka je Funtuwa." Rabe ya kama hannuna ya ɗaga ni. Ya ce ya yafe, maganar raba gona kuma ta wuce, amma da sharaɗi ɗaya. Ya ɗauki totuwar ya rataye ta a madubin gaban motar, da ƙullina a jikinta.

Tana nan har yau. Na ƙara doka ta shida a takardar nan, da hannuna: in abu ya ɓaci, a fara tambayar mai mota.

Don haka ina roƙonka abu biyu, mai karatu. Na farko, in fitilar nan ta kama maka, ka duba ko a tsaye take ko tana ƙiftawa, ka taɓa murfin tankinka, ka kai a sa na'ura, duk kafin ka ambaci sunan kowa. Na biyu, in ka ga wani dattijo a Funtuwa da totuwar masara tana lilo a madubin motarsa, ka yi masa sallama ka wuce. Kada ka tambaye shi, musamman in ƙanensa na zaune a gefe.