Ranar Da Muryata Ta Yi Mini Faɗa A Gaban 'Yan Firamare

Ko da na so in manta da wannan rana ba zan taɓa iyawa ba, don mutanen garinmu ba su da niyyar bari.

Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Pauwa. Bokona bai wuce aji uku ba, wayata ma mai maɓalli ce. To akwai ɗiyar ƙanwata, Hadiza, da ta yi karatun kwamfuta. Ita ta zo mini da maganar tana haɗa wasan waya da yara za su koyi noma da shi. Dalilinta kuwa ba na banza ba ne. Tun da tsaro ya lalace, iyaye sun daina zuwa da yara gonakin nesa, sai ka ga yaro ya yi wayo bai iya bambance tsiron gero da ciyawa ba.

Ta ce, "Kawu, ni na'ura na iya, kai ka san ƙasa. Ka faɗa mani yadda ake yi, ni in zuba ciki."

Kaina ya kumbura. Wata da watanni tana zuwa da littafinta, ina zaune gindin darbejiya ina zuba bayani kamar ni na ƙirƙiro fartanya. Abin da na fi nanata mata shi ne maganar ruwan farko. Na ce ba a shuka masara a yayyafi. Sai ka tona ƙasa da hannu, in laima ta kai tsawon tafinka, to ka shuka. In ba ta kai ba ka koma gida ka jira. Ta sa wannan a wasan, har da hoton hannu da yaro zai danna ya duba ƙasa. Sannan ta ce tana son muryata, in yaro ya yi kuskure ya ji an tsawata masa. Ta ce in yi kamar ina gona da ɗana. (Da ma faɗa bai taɓa ba ni wahala ba.) Na buɗe maƙogwaro na yi mata mai kyau.

Abin da ban faɗa mata ba shi ne, ni kaina ba na bin wannan doka. Da na ji ƙamshin ƙasa, ƙafafuna ba sa zama. Bara ma haka na binne irin masara a ruwan farko, rana ta dawo ta ƙone shi, sai da na sake shuka.

Ranar gwaji aka taru a makarantar firamaren garinmu. Ga hedimasta, ga yara cike da aji, ga Malam Isiyaku shugaban iyayen yara, wanda tun farko ya ce waya ba ta koya wa yaro komai sai lalaci. In ya ce a'a, wasan ba zai shiga makarantar ba, kuma malaman Faskari da Sabuwa da Hadiza ta yi wa magana duk jira suke su ji yadda aka kwashe a nan. Aikinta na shekara guda ke nan. Ta haɗa wayar da talabijin.

Ta ce, "Ga wanda ya koya mani komai. Kawu, kai za ka fara."

Na gyara hula na karɓi wayar. Gona ta fito a talabijin, an yi shara, an ja kunyoyi, tsaf. Hadari ya haɗu. Ruwa ya fara ɗiga, har da ƙararsa. Wallahi ban san lokacin da yatsana ya wuce hoton hannun nan ya danna buhun iri ba. Na shuke gonar kaf, ina murmushi, ina kallon Malam Isiyaku.

Ruwan ya ɗauke. Rana ta fito. Tsiron ya leƙo, ya yi rawaya, ya kwanta. Sai murya ta cika ajin, tawa, da ƙarfinta:

"Kai wane irin rago ne? Ka tona ƙasa? Wa ya koya maka shuka a yayyafi? Tashi ka ba mutane wuri!"

Wata yarinya a gaba ta dubi talabijin, ta dube ni, ta ce, "Baba, ai kai ne ke yi ma kanka faɗa." Nan yara suka fashe. Hedimasta ya juya yana gyara allon da ba abin da ya same shi. Ni kuwa zufa har cikin takalmi. Na dubi Hadiza, ta sunkuyar da kai, na ce a raina shi ke nan, na kashe wa yarinya aiki.

Malam Isiyaku bai yi dariya ba. Ya miƙe a hankali ya ce, "Hadiza, mi kika ce sunan abin ga? Ke kika gaya mashi abin da kawunki ya yi bara a gonarshi ta bakin rafi?"

Ta ce, "Wallahi Baba ban ma san ya yi ba."

Ya ce, "To mu mun sani. Shekara nawa muna gaya mashi, bai ji. Abin da ya kama shi cikin minti biyu ba abin wasa ba ne. A bar ma yara shi." Ya zauna, sannan ya ƙara da cewa, "Kuma kar a cire faɗan."

Ban taɓa jin daɗin tonon asiri irin na ranar ba. Na miƙa wa yarinyar nan ta gaban aji wayar, ta danna hoton hannu, ta jira ruwa na biyu, masararta ta yi goyo. Aka yi mata tafi. Ni ba wanda ya tafa wa, kuma ban nema ba.

A hanyar gida Hadiza ta ce ko in sake ɗaukar muryar, mai taushi. Na ce ta bar ta, wanda aka yi wa faɗan ya cancanta. Amma na koyi abu guda. In za ka yi wa mutane faɗa a na'ura, ka rage murya, don ba ka san wa zai fara sha ba.