Yadda Za Ka Gajarta wa Surukarka Tafiyar Jirgin Sama

Autar surukarka ta haihu a can ƙarshen duniya. Tsohuwa tana son ganin jika, amma ta rantse in da nisa ba za ta hau jirgi ba. Kai ba ka taɓa wuce ƙofar filin jirgi ba, sai dai a gidan nan kai ne masanin komai, kuma ba ka son a sauke ka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari sai ta hau.

1. Gyara zama

Kada ka amsa da wuri. Ɗaga kai ka dubi silin, ka yi gyaran murya. Masani ba ya gaggawa.

2. Auna nisan

Ciro taswirar yara daga bango ka shimfiɗa a gabanta. Ɗora babban yatsa a filin tashi, ƙaramin a filin sauka. "Duba, Mama, ko tafin hannuna bai cika ba." In ta nuna teku ta ce wannan shuɗin fa, ka ce ado ne.

3. Lissafa lokacin

Tikiti ya ce tashi da hantsi, sauka da la'asar. Shi ke nan, kamar zuwa unguwa. Matarka za ta sa baki: "Baban yara, ai agogonsu yana bayan namu sosai." Yi mata murmushin tausayi, ka ce agogo ai agogo ne.

4. Ba da shawarar kaya

"To maganin gwiwata fa?" in ji Mama. Ka ce a jefa shi cikin babban akwatin da ma'aikatan jirgi za su karɓe! Kafin gwiwar ta san an tashi, an sauka.

5. Nemi abin yi

Ranar tafiya Mama ta tashi da hantsi, la'asar ta yi, magariba ta wuce, shiru. Matarka ta kafe ka da ido. Ka ce iska ce ta tsare su, ka fita wanke motar da ka wanke ɗazu.

6. Amsa waya da ladabi

Washegari Mama za ta kira. Ka rusuna ko da ba ta ganinka.

"Mama, an sauka lafiya?"

"Lafiya lau, Baban yara. Na ci, na yi barci, na farka, na sake ci, gwiwa ta kumbura, muna nan dai bisa adon naka. Ni kam ba na sake hawa ni kaɗai. Tunda kusa ne, ka zo ka ɗauke ni. Auta ta riga ta yankar maka tikiti."

Ka ce, "To, Mama."

Sanarwa: alkawarin da na ɗauka shi ne ta hau, kuma ta hau. In ka riƙe hannun baƙon da ke kusa da kai kana salati tun daga tashi har sauka, ba ruwana. Ni ma ban taɓa hawa ba.