Yadda Za Ka Ɗora wa Surukai Laifin Zuciyar da ta Koma Dama

Kai maigida, an haifa maka 'ya, likita ta ce lafiyarta ƙalau, sai dai zuciyarta a gefen dama take bugawa? Sha kuruminka. Bi matakan nan, tabbas kafin la'asar laifi ya tare a gidan surukai. Telan bakin layinmu ya gwada su ɗaya bayan ɗaya.

1. Riga kowa mamaki

Kada ka tambayi lafiyar jaririya, wannan aikin uwa ne. Dafe ƙirjinka ta hagu, ka ja da baya. Haka Tela ya yi a ɗakin likita, tef ɗin awo rataye a wuya.

"A danginmu? Haba! Shekara ashirin ina ɗinka aljihu a hagu, saitin zuciya, ba wanda ya taɓa dawo min da riga."

2. Kada ka bar likita ta ƙarasa

Likita ta ce tun ɗan tayi bai kai ƙwayar shinkafa ba, akwai wasu 'yan gasu a jikinsa masu kaɗa ruwa zuwa hagu, su ke nuna wa zuciya da hanta mazauninsu. In ba su kaɗa ba, sai abin ya zama canki-canka. "Kuma gado ne, daga..."

Nan za ka sarƙe da tari. Ilimi abu ne mai kyau, amma rabinsa ya fi amfani.

3. Tono hujja a gidansu

Kowane gida da karkatarsa. Tela ya dubi surukarsa da ke zaune a gefe, ya tuna bahaguwa ce, ya ji kamar ya taka rawa.

"Mama, ba raini ba, da wane hannu kike riƙe cokali?"

"Da wanda na raini matarka da shi," in ji Mama.

Kada ka kula. Tsofaffi ba sa son bincike.

4. Kada ka kalli matarka

Nan Tela ya yi kuskure, ya kalla. Kwananta uku da haihuwa, ta rungume 'yar, ido ya cika da ƙwalla.

"In 'yata abin kunya ce a gidansa, Mama, mu biya in ɗauki jakata."

Tela yana son matar nan kamar ransa. Amma wanda ya fara yanka yadi ba ya ajiye almakashi a tsakiya.

5. Nemi a gwada ka a gaban kowa

"Likita, aza min abin sauraren nan, su ji zuciya ta asali!"

Ta aza a hagu, ƙarƙashin aljihun da yake taƙama da shi. Ta yamutsa fuska. Ta matsa, ta ƙara matsawa, har ta ƙetare maɓalli. Can ta tsaya, ta cire abin ta sa wa Mama a kunne.

Mama ta kwashe da dariya har ɗankwali ya zame. "Ashe shekara arba'in kangon wuri kake dafewa kana rantsuwa!"

"Gadon daga uwa da uba ne, abin da nake shirin cewa ke nan ɗazu," in ji likita.

6. Yi shiru

Matar ta share hawaye, ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Shi ya sa in na kwantar da kai a ƙirjinka ba na jin komai. Wallahi na zata babu ce."

Ya kamo hannunta ya ɗora a dama. Zuciyar tana nan, tana dukan uku-uku.

"Ki yafe min," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

Jaka ba ta bar ƙarƙashin gado ba. Washegari aka ji kekensa na ruri, ya fito da riguna biyu, babba da 'yar mitsitsiya, kowace da aljihu a dama.

Hattara: mai wannan shawara ba ruwansa da kunyar da za ka sha, ko dariyar surukarka, ko jakar da za a ɗauka. Kafin ka fara mataki na ɗaya, shiga ɗaki ka rufe ƙofa, ka laluba ƙirjinka tukuna.