Ranar da Na Kashe Jarumin Kawu Bitrus

A gidanmu na Samaru, ni ce gidan rediyon finafinan Indiya, kuma ba a yi mini gyara. Rannan na ga wani bidiyo a waya. Tsohon jarumin nan ne mai gashin baki, wanda yake dukan ƙarti arba'in tabarau ɗinsa bai goce ba, yana kwance cikin furanni, mata suna ta kuka.

Ban jira ƙarshensa ba. Na yafa mayafi, na hau bas sai shagon ɗinkin Kawu Bitrus a Sabon Gari, wanda ya rataye hoton jarumin sama da na aurensa.

Na durƙusa na ce, "Kawu, sai haƙuri. Mutuminka ya rasu."

Kawu ya tsayar da keke, ya share ƙwalla da atamfar mutane. Teloli suka yi layin gaisuwa, har ina taya shi amsawa.

Can wani tela ya karɓi wayar ya kunna. Gawa ta miƙe ta mari mutum shida. Ashe tallar sabon fim ce.

Har yau ko atishawa Kawu ya yi sai ya ce, "Ku ɓoye wa yarinyar nan, kada ta tara mini jama'a."