Rasuwar Takalman Birkin Gaba, Masu Waƙa a Gangaren Ashrafiyya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda haushi ya cike ɗan gurbin da ya rage mata, ni Abu Gassan, tsohon direban tasi na layin Ashrafiyya, unguwarmu ta kan tudu, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da masu murna a ɓoye rasuwar takalman birkin gaban motata. Su huɗu ne, 'yan kwali ɗaya, biyu a tayar dama, biyu a ta hagu. Sun rasu ranar Juma'a a filin tseren motoci da ke hanyar hamada, a ƙarƙashin ƙafar surukina Mu'ayyad, mijin 'yata Sausan. Ban ce shi ya kashe su ba. Na dai ce ƙafarsa ce a kansu.

Tun bayan rasuwarsu makullin motata yana cikin jakar Sausan. Juma'a mai zuwa, in an gama cin mansaf, wato shinkafa da naman rago, iyali za su zauna su yanke ko a mayar mini da shi ko a sayar da motar. Saboda haka duk wanda ya tsaya karanta wannan sanarwa a jikin bangon masallaci ko a ƙofar mai burodi, ya karanta ta har ƙarshe.

Marigayan sun shigo gidana ne don su raba gardama. Motar ɗaya ce, 'yar Jamus, ta girmi Mu'ayyad, amma rayuwa biyu take yi. Daga Asabar zuwa Alhamis tawa ce, ina gangarawa da ita cikin gari in sayo burodi mai zafi, in zagaya wurin masu tsofaffin kaya in ga ko an kawo wani abin mamaki. Ran Juma'a kuma Mu'ayyad ya ja ta zuwa filin tsere, shi da abokansa masu hular kwano, su yini suna zagaye wuri ɗaya kamar waɗanda suka yar da zobe. Da tsofaffin takalman suka cinye, muka je garejin Usta Nart da ke gindin tudu. Ya jera kwali uku a kan motar, ya goge hannu.

Ya ce, “Waɗannan na masu kai yara makaranta ne. Ba sa ƙara, ba sa ƙura, amma ka kai su filin tsere su yi zafi, sai su sake ka su bar ka da salati. Waɗannan na tsere ne zalla. In ba su yi zafi ba ba sa kamawa, da sanyin safiya sai ka sauko daga Ashrafiyya ka tsaya a cikin shagon wani. Waɗannan na tsakiya kuwa suna kamawa da sanyi, suna jure zafi, amma fa suna da baki.”

Mu'ayyad ya ɗora hannu a kan na tseren. Ya ce, “Baba, kai da jaki ke wuce ka a hanya, me za ka yi da birki?”

Na ce, “Ɗan nan, kai da birki kake burge 'yan kallo, ni da shi nake sauka daga gidana da raina.” Na juya ga Usta Nart na ce, “Wane irin baki ne da su?”

Ya dube ni, ya dubi Mu'ayyad, ya ce, “Irin na surukai.”

Na ce a ɗaura su.

Allah ya sani ban yi karatu mai nisa ba, tun ina firamare aka cire ni aka ba ni tsumman goge gilashi. Amma ina da ido da kunne ga abin da mutane ke wucewa ba su lura ba. A ɗakina akwai ƙusa mai kai biyu, da dutse mai kamar kunnen mutum, da agogon da ke tafiya da baya in an kwantar da shi. Duk cikinsu babu abin da ya kai marigayan. Na hagu muryarsu siririya ce, iiiiii, kamar buta ta kusa tafasa. Na dama sai an kusa tsayawa suke shigowa, kirrr, su rufe maganar. Da sassafe muryar takan fito da kaifi. In sun ɗumama sai ta yi laushi. Ranar da aka yi ruwa sukan tashi da dusasshiyar murya kamar mai mura, in tausaya musu in sauka a hankali. Mai burodi yakan fara naɗe mini nawa tun ina kwana ta biyu. Tattabarun kan rufin maƙwabta sun daina tashi in sun ji su. Sau ɗaya motar masu sayar da tukunyar gas ta biyo bayana tana sakin kiɗanta, muryoyin suka haɗu daidai tun daga sama har ƙasa, sai da na tsaya a gefen titi na share ido.

Sun kasance masu haƙuri da rayuwa biyu. Mu'ayyad yakan dawo da su ran Juma'a da yamma suna warin ƙuna, tayoyi baƙi ƙirin da ƙurarsu, amma Asabar da safe su tashi su sauke ni lafiya, ba su taɓa kai mini ƙara ba. Babbar falalarsu kuwa ita ce gaskiya. Ciwon sukari ya daɗe da kwashe ji daga tafin ƙafata ta dama. Ba na jin takalmi, ba na jin darduma, ba na jin birki. Su ne suke gaya mini. In na taka kaɗan su yi raɗa, in na ƙara su ɗaga murya, in na dama suka ce kirrr na san mun tsaya. Wasu da ƙafa suke tuƙi, ni da kunne nake yi, kuma tsawon zamana da marigayan ko kyanwa ban taɓa ba. Wanda bai tambaye ni ba ban gaya masa ba.

Kamar kowane mai gaskiya, sun yi maƙiya. Shugabarsu ita ce Ummu Hazim, maƙwabciyata mai gidan da ke kwanar farko, wadda ta jera gwangwanayen man zaitun a gindin katangarta ta shuka na'ana'a a ciki. Kullum na zo wucewa tana taga.

“Abu Gassan! Wallahi motar nan taka ta riga ladan tashi, kuma ita ko lada ba ta da shi!”

Nakan ce, “Ki gode wa Allah, Hajiya. Kukan nan da kike ji shi ya sa katangarki take tsaye.”

“Katangata ta girmi lasisinka! Ka kai ta a ɗaure mata baki, ko kai a ɗaure maka!”

Daga baya na ga ta shiga wurin Sausan da faranti cike da dafaffen naɗin ganyen inabi mai shinkafa a ciki. Da idona na ga farantin. Mutum ba ya naɗe ganyen inabi ɗaya bayan ɗaya ya haura bene da shi don kawai ya tambayi lafiyar yara.

Jinyarsu ba ta yi tsawo ba. Usta Nart ya sha gaya wa Mu'ayyad cewa in ya yi zagaye masu zafi ya yi ɗaya a hankali su sha iska, kuma kada ya tsaya ya danne su suna cikin wuta. A ranar, cikin tsakiyar zafin bazara, wani likitan haƙori mai jar mota ya wuce shi. Mu'ayyad ya manta da Usta Nart, ya manta da ni, ya bi likitan haƙori. An ce sun yi ta kira, iiiii, iiiii, har muryar ta karye. Kalmarsu ta ƙarshe, in ji wanda ya ji, gurrr ce, ƙarfe a kan ƙarfe. An kawo mini su a ledar shagon kayan zaƙi. Fuskokinsu sun yi sheƙi kamar gilashi, sun tsattsage, ɗaya ya rabu biyu a hannuna.

Ko sanyi ba su gama yi ba Mu'ayyad ya shigo yana murmushi.

“Baba, albishirinka. Na sa an ɗaura maka sababbi, irin na masu kai yara makaranta, ko numfashinsu ba za ka ji ba. Ni na samu tawa motar ta tsere, ka huta da ni.”

Sausan ta ce, “Unguwa ma ta huta, Baba.”

Kashegari da safe na fito na kama gangara. Na doshi kwanar farko, na taka birki, na kasa kunne. Shiru. Na ƙara takawa, a zatona, shiru dai. Ban san ko ƙafata tana kan birki ba ko tana gefensa, babu mai gaya mini. Sai na sunkuya in duba ta da ido. Kafin in ɗago, motar ta sumbaci katangar Ummu Hazim. Fitila ɗaya ta fashe, gwangwanaye suka watse a titi. Ta fito da gudu da mayafi a karkace.

“Innalillahi! Na'ana'ata! Kai, tsohon nan, ko zuwanka ban ji ba!”

Na ce, “Ai abin da kika roƙa ke nan, Hajiya.”

A nan titi Sausan ta zare makullin. Ta kai ni asibiti, likita ya sa na rufe ido, ya ɗauki allura. Ya ce, “Alhaji, ka ji?” Na ce, “Na ji me?” Da na buɗe ido na ga allurar a tafin ƙafata, na ga Sausan ta juya tana kallon bango. A hanyar gida ta ce, “Baba, yau katanga ce. Gobe ɗan wani ne.” To, ga amsata a rubuce. A mayar mini da masu baki. Akwai kwali ɗaya irinsu a garejin Usta Nart, na gan shi a kan kanta. Na je na roƙe shi, ya ce, “Kwalin yana nan, Abu Gassan, amma ba na ɗaura komai sai Sausan ta ce.” Wannan mutumin mun sha shayi tare tun gashinsa yana baƙi. A sa shi cikin jerin masu murna.

Marigayan sun bar takalman birkin baya, waɗanda bebaye ne tun haihuwa, ba za su iya ba da shaida ba. Sun bar faya-fayan birki biyu masu ɗauke da tabon ranar. Sun bar birkin hannu, tsoho mai rauni, wanda yanzu shi kaɗai ke riƙe da motar a ƙofar gida. Sun bar baƙar ƙura a jikin tayoyin gaba, kuma duk wanda ya kusance ta da ruwa da soso ban yafe masa ba. Sun bar mai burodi, wanda ya aiko yana tambaya ko ni ne na mutu. Sun bar ni. Sababbin da aka ɗaura ba dangi ba ne, kada kowa ya yi musu gaisuwa.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a da hantsi, kafin a ɗora mansaf. Ba za a yi salla ba. Na tambayi liman, ya ce in ji tsoron Allah. Za a naɗe su a farin ƙyalle, a bi da su hanyar da suka saba, a binne su a gindin ɓauren da ke bayan garejin Usta Nart, inda zai riƙa ganinsu kullum. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gidana, akwai gahawa mai ɗaci da dabino. Mu'ayyad yana iya zuwa, amma ya zo da kofinsa. Ummu Hazim ta yi tata gaisuwar daga taga, ta saba.

Ya kamata a ɗauke su a motarsu, da masu bakin nan na kan kantar Usta Nart a ɗaure, kuma ni zan tuƙa, domin ba a ba wanda ƙafarsa ke kan mamaci ɗaukar gawa. Mai riƙe da makulli ta san kanta, ta zo da shi. Jiya na leƙa na ga Mu'ayyad yana ɗaukar hoton motar ta gefen da fitilar ba ta fashe ba, don haka ban jahilci inda zaman zai dosa ba.

In makulli bai zo ba, za a tafi a ƙasa. Zan riƙe su a hannun hagu, sandata a dama, in sauka a hankali. A kowace kwana zan tsaya in yi musu muryarsu da bakina, a kwanar farko kuma zan daɗe. Haka zan yi ran Asabar, da Lahadi, da kowace safiya da zan sauka sayen burodi, tunda dai saukar ba za ta fasa ba. Na fara gwadawa a ɗaki. Muryar na hagu tana fita sosai, har tattabaru sun waiwayo. Ta na dama ce, wadda ke cewa an tsaya, har yanzu take maƙale mini a wuya.