Rasuwar Gwaggo, Mai Karanta wa Malam

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika maƙil, tsohon malamin makaranta na gidan da ke kallon famfo, a madadin kansa da iyalansa, yana sanar da rasuwar na'urarsa ta karatu, wadda jikoki ke kira Gwaggo. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin falo, tana da shekara tara, batirinta a cike.

Tun da idon Malam ya tafi, ita ce idonsa. Ya ɗora mata takarda, ta karanta masa da muryarta irin ta mai mura. Wasiƙa ce, jarida ce, takardar magani ce, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Ba ta kuma taɓa kai maganar gida waje ba, halin da Malam ya ce har yau bai gani a wurin surukansa ba.

Al'adarta ce kowace safiya ta gai da kamfanin da ya ƙera ta, ta intanet, kafin ta soma aiki. Ranar da kamfanin ya daina amsa gaisuwar tsofaffin na'urori, ranar ciwon ajali ya kama ta. Daga nan ba abin da take iya faɗa sai, "A ɗan dakata. A ɗan dakata."

Iyali sun yi iya ƙoƙarinsu. Babbar 'yar Malam, wadda rubuta manhaja ce sana'arta, ta gano cewa lasisin manhajar da ke cikin marigayiya ya wajabta wa kamfanin ba da asalin rubutunta ga duk wanda ya saya. Sai da ta rubuta musu wasiƙa ta huɗu suka aiko, amma cikakke, ko waƙafi ba su rage ba. A wuni ɗaya ta gano cutar, layi uku ne kacal, ta gyara. Aka kira Malam, har ya sa hula ya zauna.

Gwaggo ta ƙi karɓar maganin. Ashe an ƙera ta ne kada ta haɗiyi komai sai mai ɗauke da sa hannun kamfani, mabuɗin sa hannun kuwa yana wurinsu. Da 'yar ta nemi mabuɗin, lauyansu ya amsa cikin ladabi cewa rubutu kawai lasisin ya ce a bayar, bai ambaci mabuɗi ba. 'Yar ta karanta lasisin sau uku tana fatan ƙarya ya yi. Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ciwo ke nan.

Gwaggo ta rasu ta bar caja ɗaya, da jakar fata, da filashin kwamfuta mai ɗauke da maganinta.

Za a naɗe ta da tawul mai tsabta a kwantar a saman kwaba gobe da la'asar. Za a karɓi gaisuwa a falo. Masu zuwa su yi haƙuri kada su taɓa ambulan da ke kan tebur. Sakamakon gwajin Malam ne daga asibiti, kwana tara ke nan a rufe, don bai riga ya zaɓi wanda zai riga shi sani ba.