Man da ya bi cikin bututu

"Lafiya lau, amarya, sai dai kunyar da kika ja min a Maamobi. Matan mutane suna dafa wake da shinkafa, tawa tana dafa wa ƙarfe mai."

Baba Imoro ke nan, tsohon direban motar albasa, yana amsa gaisuwar jikarsa Husseina mai walda. Shekara biyu tana haɗa ƙwarangwal ɗin ƙaramin jirgin sama a bayan shagonta, duk da bututun ƙarfe. A makon da ya wuce ta yanka wani guntu da ya rage, ta ga tsatsa ta fara cinsa ta ciki, alhali waje sumul. Aikin iskar teku ce, don garinsu a bakin teku yake. Tun ranar ba ta cin abinci sosai. Shi ya sa ta aiki tsohon ya sayo mata man linsid na masu fenti, ta ɗumama ta ɗura a cikin bututun don ya hana tsatsa.

Ta karɓi galan ɗin, ta ce mijin da ya yi awa uku tsakanin unguwarsu Nima da maƙwabciyarta Maamobi, ko kunkuru ya fi shi amfani. Ya ce ai zawarawa ne suka tare shi a hanya, da ƙyar ya ƙwaci kansa.

"Su ɗauka, na bar musu. Har da sandar da kake dogarawa."

Ta zuba man mai ɗumi ta wata 'yar huda, suka kama ƙwarangwal ɗin suna juya shi a hankali bisa ƙafafun katako da aka ɗora shi a kai. Idon Baba ya yi rauni, don haka ya ɗora tafin hannu a kan ƙarfen yana bin ɗumin duk inda ya gangara. Ya lumshe ido. Da ɗumin ya kai gaɓa ta farko ya ce sun iso Kumasi. A ta biyu ya ce ga Tamale can ƙasa, rufin kwano na ƙyalli kamar an watsa tsaba. Ya ce daga sama zai nuna mata gonar gero ta mahaifiyarsa a Bawku, da tsamiyar da ke bakin rijiya, in har tana nan. Husseina ta daina dariya, tana kallon hannunsa yana tafiya.

Sai hannun ya tsaya a kan wani bututu kusa da wutsiya.

"Nan da sanyi. Jirginki ya bar ni a tasha."

Ta ce hannunsa ne ya mutu tun kafin a haifi babarta. Ya ce ta taɓa. Ta taɓa, ta sake taɓawa, ta ji sanyin. Lokacin walda ta manta ba ta huda mahaɗar ba, man bai samu hanyar shiga ba. Da ta toshe hudar ta shafa fenti, da wannan bututun ya yi ta ruɓewa a ɓoye, a daidai inda wutsiya ke ɗaukar nauyi.

Ta huda shi, ta ɗura masa nasa man. Suka jira har ya yi ɗumi a ƙarƙashin hannuwansu biyu.

"To, injiniya, wa ya iya jirgi?"

Ta yi dariya har da ƙwalla, ta miƙa masa allin da take zana ƙarfe da shi.

"Ka ci, angona. Rubuta sunanka a kai. Wannan bututun naka ne, ko ka tsufa da yawa ba ka hau ba, shi zai je Bawku."